Wane mai ya dace a shafa wa robar ƙofar mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2008, 'yar Kwatano. Robar da ta zagaye bakin ƙofofin ta bushe ta yi fari-fari, in na hau hanya mai gargada sai ta riƙa kuka, ƙura kuma tana shigowa. Wani ya ce in shafa baƙin mai, wani ya ce basilin, wani kuma ya ce silikon. Wanne ne daidai, kuma yaya ake yi? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ce maka silikon shi ne ya fi kusa da gaskiya, sai dai silikon kala-kala ne, kuma nan ne mutane da yawa suke yin ɓarna.

Robar ƙofar yawancin motoci da wani nau'in roba ake yin ta mai suna EPDM. Tana jure rana da ruwa sosai, amma ba ta ga maciji da duk wani mai da aka tace daga ɗanyen man fetur. Baƙin mai, basilin, giris ɗin bayarin, kalanzir, duk gidansu ɗaya. Ranar da ka shafa za ka ga robar ta yi baƙi wul tana sheƙi, ka ce an dace. A hankali man zai ratsa ta, ta kumbura, ta yi laɓo-laɓo, ta daina komawa yadda take bayan ƙofa ta matse ta, daga baya ta fara yagewa a kusurwoyi. Man birki kuma kada ya kusanci wurin ko kaɗan, domin yana cin fenti.

Abin da kake nema shi ne giris ɗin silikon: fari ne ko garai-garai kamar basilin, ba shi da wari, kuma ba ya bushewa. A kasuwar kayan gyara, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in ka ce "silikon" kawai, za a miƙo maka na liƙe gasket, wanda yake ja ko baƙi ko ruwan toka. Wannan gam ne. Yana daskarewa idan ya sha iska, in ka shafa shi ka rufe ƙofa to ka manne robar da jikin mota, buɗewarka ke da wuya ta yage. Ka karanta jikin bututun. In ka ga an rubuta RTV, gam ɗin ne, kada ka saya. Wanda masu wayarin suke sa wa a soket ɗin filogi da wanda masu gyaran famfo suke shafa wa robar famfo, su ma giris ɗin silikon ne, za su yi. Ƙaramin bututu ɗaya zai yi maka ƙofofi huɗu da but, har ya rage.

Wankin ma ya fi shafawar muhimmanci. Ka ajiye motar a inuwa, ka jira ƙarfen ya huce. Ka samu ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, da tsumma mai laushi, ka bi robar tun daga sama har ƙasa. Ka ɗaga leɓenta da yatsa ka leƙa ƙarƙashi: nan ne ƙurar hunturu take taruwa ta zama laka busasshiya, kuma ita ce take goge robar kamar sanfefa duk lokacin da mota ta girgiza. Tsohon buroshin haƙori yana fitar da ita. Ka goge jikin motar inda robar take sauka idan an rufe ƙofa, domin rabin kukan da kake ji daga dattin wurin yake. Ka ɗauraye, ka tsane, ka bar ƙofofin a buɗe kamar minti 30 su bushe sarai. Giris a kan jiƙaƙƙiyar roba ba ya zama.

Sai ka matso giris kamar ƙwayar wake a yatsa ko a guntun soso, ka murza shi a kan tsawon kamu biyu ko uku. Ka fi ba kusurwoyin sama kulawa, inda rana ta fi duka, da ƙasan ƙofa inda takalmi yake gogawa. Kada ka ja robar, akwai ƙananan maɓallan roba da suke riƙe ta, suna tsinkewa. Ka bar shi minti 15, sannan ka bi da busasshen tsumma ka kwashe duk abin da ya yi saura. Idan ka shafa yatsa ka ji santsi amma bai kwaso maiƙo ba, ka yi daidai. Wanda ya lafta shi da yawa, sati ɗaya a hunturu ya isa ƙura ta manne, ga kuma farar shadda da za ta kwashi baƙi wajen shiga da fita.

Hanyar da gilashi yake hawa da sauka daban ce. Tana da ɗan gashi-gashi a ciki, giris zai cushe shi. A nan silikon na fesawa ake sa wa, kaɗan, gilashin yana ƙasa. In ya taɓa gilashi ka goge nan take, domin yana barin dishi-dishi da yake kashe ido idan fitilar wata mota ta haska da dare.

Sau biyu a shekara ya wadatar: a watan Mayu kafin damina ta kankama, da Nuwamba kafin hunturu. Tun da ka durƙusa, ka duba ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa. Ta nan ruwan da ya bi gilashi yake fita, in sun toshe sai ya kwanta ciki ya haifar da tsatsa.

Batun ƙurar da ke shigowa kuwa, giris yana sa robar ta yi laushi ta daina kuka, amma ba ya tayar da robar da ta mutu. Ka gwada da takarda: ka sa ta a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ta yi tirjiya, wurin lafiya. In ta zare salin-alin, robar ta kwanta a nan, ko kuma ƙofar ce ba ta matsewa, sai mai gyaran bodi ya ɗan matsar da ƙarfen da makulli yake kamawa. Ka gwada wurare shida ko takwas a kowace ƙofa. Robar da ta tsage ko take barin baƙi a hannu har bayan an wanke ta, sauya ta za a yi. In ɓallewa kawai ta yi, a mayar da ita da gam ɗin roba mai lanƙwasa, ban da sufa gulu, wanda yake sandarar da wurin har ya karye.

In kana da niyyar kai motar fenti nan kusa, ka dakata da shafawar sai an gama. Ko ɗan burbushin silikon a jikin ƙarfe yana hana sabon fenti kwanciya, sai ya fito da ƙananan ramuka. In ka riga ka shafa, ka gaya wa mai fentin ya wanke bakin ƙofofin da kyau kafin ya fesa.