Warin birki a gangaren tsauni

Ka ce birkin motarka mai ɗakin kwana na warin ƙuna in kana saukowa daga tsaunukan gandun daji. Danne shi kake yi tun daga sama har ƙasa. Sa giya ta biyu kafin ka fara gangara, inji ya riƙe motar. In gudu ya ƙaru, taka birki sosai na daƙiƙa 3 zuwa 5, ka saki ya huce.

Nauyi ne ke jawo zafin: tankin ruwa mai lita 100 kaɗai kilo 100 ne. Man birkin da ya wuce shekara 2 kuwa ya sha danshi, saurin tafasa yake, sai ka taka feda ta lume, ba kamu. Canza shi kafin tafiya.