Na yi ganawa, na rubuta TOEFL, sai shiru: an ƙi ni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata kwalejin ilimi, ina koyar da Turanci da Hausa, kuma ina da digiri na biyu. Bara na nemi gurbin Fulbright na koyar da harshe a Amurka, wanda ake kira FLTA. An kira ni ganawa, na rubuta jarrabawar Turanci ta TOEFL, aka ce an tura sunana gaba. Yau wata biyar ke nan ban sake jin komai ba. Ga shi wata jami'a ta ba ni gurbin digiri na uku, an ce in yi rajista kafin ƙarshen watan gobe. Shugaban sashenmu kuma yana tambaya ko ya sa sunana a rabon kwasa-kwasan zango mai zuwa. Shin wannan shirun yana nufin an ƙi ni? In rubuta musu, ko za su ce na cika matsi? Wallahi ko barcin kirki ba na samu.
Wata malama daga Jigawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a ji alheri. Bari in fara da abin da ya hana ki barci: shirun wata biyar a wannan shiri ba hukunci ba ne. Yawanci wanda aka ƙi ma sanar da shi ake yi. Abin da kike ciki shi ne tsakiyar hanya, kuma hanyar doguwa ce fiye da yadda ake faɗa wa masu nema.

Mutanen da suka yi miki ganawa ba su ne masu magana ta ƙarshe ba. Najeriya ba ta da hukumar Fulbright mai zaman kanta irin ta wasu ƙasashe, don haka ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙaramin ofishinsu na Legas ne ke karɓar takardu, su tantance, su gabatar da sunaye. Daga nan fayil ɗinki ya tsallaka teku. Akwai cibiyar IIE, wadda ita ce ke gudanar da shirin a madadin ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Akwai kuma kwamitin ƙoli mai kujeru 12 da shugaban ƙasarsu ke naɗawa, wanda doka ta ba shi ikon amincewa da kowane suna. Shirin Fulbright tsoho ne, tun 1946 aka kafa shi bisa ƙudurin Sanata J. William Fulbright, kuma kuɗinsa daga majalisar dokokin Amurka yake fitowa kowace shekara. Shekarar kuɗinsu tana farawa ranar 1 ga Oktoba, amma sau da yawa majalisar ba ta gama kasafi a kan lokaci. Kowane hannu a cikin waɗannan da nasa lokacin, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin ya rubuto miki ya ce "yau fayil ɗinki ya bar teburina".

Sai dai inda FLTA ya bambanta, kuma a nan nake so ki tsaya ki fahimta sosai, shi ne batun masauki. Ba ya isa a ce kin cancanta. Dole a samu jami'a a Amurka da ta nemi mai koyar da Hausa a wannan shekarar, sannan a haɗa ki da ita. Jami'o'in su ma takarda suke cikewa, su faɗi harshen da suke so da irin aikin da mutum zai yi: wani wuri ke ce malamar ajin gaba ɗaya, wani wuri mataimakiya ce ke, kina jagorantar hira da ɗalibai. Jami'o'in da ke neman Larabci da Sinanci suna da yawa. Masu neman Hausa kaɗan ne, duk da cewa harshen yana da tsohon tarihi a can. Neil Skinner ya yi shekaru yana koyarwa a Wisconsin, Russell Schuh a UCLA, Paul Newman kuma a Indiyana ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa a shekarar 2000. Amma aji na Hausa a jami'ar Amurka kan kasance ɗalibi uku ne ko biyar, wata shekarar ma ba a buɗe shi. To kin ga mutum zai iya zama gwani a ganawa, ya ci TOEFL da maki mai kyau, ya zauna jira don kawai wani sashe a wata jiha mai nisa bai gama lissafin kuɗinsa ba. Wannan haɗin yakan gudana ne daga wajen Maris har zuwa farkon daminarmu, tunda karatu a can a watan Agusta ko Satumba ake farawa.

Amsar da za ta zo ɗaya ce cikin uku. Ko an zaɓe ki, ko ba a zaɓe ki ba, ko kuma an sa ki a sahun 'yan ko-ta-kwana, wanda a wasiƙar za ki ga an rubuta "alternate". Wannan ta ukun ita ce ta fi wahalar da zuciya, don ba a rufe ƙofa ba, ba a kuma buɗe ba. Idan wani ya janye, ko wata jami'a ta nemi malami a makare, ko kuɗi ya ƙaru, sai a waiwayo ki. Yana faruwa, kuma wani lokaci saura 'yan makonni a fara karatu. Amma kada ki gina shekararki a kansa.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye miki ba. Shekarar 2025 ta girgiza wannan fanni. A ƙarshen watan Mayu an dakatar da ba da sababbin ranakun ganawar biza ga ɗalibai da masu musayar ilimi na 'yan makonni, da aka dawo kuma aka ƙara binciken shafukan sada zumunta na masu nema. A watan Yuni kusan dukkan 'yan kwamitin ƙolin nan suka ajiye aiki. A Yuli aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya cikin wata uku, a Disamba kuma aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa wasu nau'o'in biza, har da nau'in J da 'yan Fulbright ke tafiya da shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya shafi ingancin takardarki, amma duk suna iya shafar tafiyarki. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, don haka ki riƙa duba shafin ofishin jakadancin da kanki, kada ki dogara da abin da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp.

Wannan ya kawo mu ga tambayarki ta biyu. E, ki rubuta musu. Wata biyar ba gaggawa ba ce. Ki rubuta wa jami'in da ya yi hulɗa da ke a ofishin jakadanci, ba IIE ba, ba kuma wata jami'a ba, domin ta hannun ofishin aka gabatar da ke. Layi huɗu ko biyar sun isa: sunanki kamar yadda yake a fasfo, shirin da kika nema da shekarar, sannan ki faɗi gaskiyar dalilinki, wato kina da wa'adin rajistar digiri na uku a rana kaza, kina so ki san ko har yanzu ana duba sunanki da lokacin da ake sa ran sanarwa. Tambaya mai dalili da kwanan wata ba ta ɓata wa kowa rai. Abin da ke gajiyar da su shi ne saƙon "ina jira" kowane mako, ko a turo wani babba ya yi magana. Roƙon alfarma ba ya aiki a nan, yana iya ma jawo shakku. Idan mako biyu ya wuce ba amsa, ki sake tunatarwa sau ɗaya, ki bar shi haka.

Kafin ki rubuta ɗin ma, ki buɗe akwatin da imel ke jefa saƙonnin banza. Ina faɗar wannan da ciwo. Shekarun baya na nemi gurbin bincike a wata gidauniya ta Turai, na yi wata shida ina duba waya kowace asuba kafin in tafi masallaci. Ashe wasiƙar ta kwana tara a wancan akwatin, an ba ni mako biyu in amsa. Wani ɗalibina ne ya gano ta yana neman wani saƙo daban a kwamfutar ofis. Na amsa saura kwana biyar, hannuna na rawa. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya duba can sau biyu a mako, ya kuma tabbata lambar wayar da ya rubuta a takarda tana aiki.

Batun digiri na uku kuwa, ra'ayina a fili yake: ki yi rajista. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. FLTA shekarar karatu ɗaya ce, wata tara zuwa goma, ba a ba da digiri a ƙarshensa, kodayake za ki ɗauki kwas biyu kowane zango bayan aikin koyarwa da bai wuce awa 20 a mako ba. Digirin na uku shi ne ƙashin bayan aikinki na shekara talatin masu zuwa. Ki je wajen sakataren makarantar manyan digiri ki tambayi ƙa'idar jingine karatu na shekara ɗaya, ki karɓi amsar a rubuce. Ki kuma gaya wa wanda zai duba aikinki halin da ake ciki tun yanzu. Malamin kirki zai yi murna, don ɗakin karatun jami'ar Amurka na wata tara ba ƙaramin abu ba ne ga mai bincike. Ɗalibar digiri na uku kuma tana da wasu ƙofofin da mai digiri na biyu ba ta da su: hukumar DAAD ta Jamus tana tallafa wa masu bincike a wannan mataki, kuma jami'o'i irin su Hamburg da Leipzig da Frankfurt sun daɗe da nazarin Hausa.

Shugaban sashe shi ma ki ce ya sa sunanki. Ki gaya masa gaskiya a asirce, ki ba shi sunan wanda zai iya karɓar kwas ɗinki idan tafiya ta kama. Kada ki ajiye aiki, kada ki nemi hutu tukuna, amma ki san hanyarsa: wace takarda ake rubutawa, ta hannun wa take bi kafin ta kai ga magatakarda, kwamitin da ke amincewa sau nawa yake zama. Na ga wanda gurbi ya fito masa, takardar sahalewar makarantarsa ta maƙale don kwamitin ba zai zauna ba sai bayan wata biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki duba fasfonki, ya kasance da sauran aƙalla wata shida bayan ranar da za ki dawo. Sakamakon TOEFL shekara biyu yake yi, ki lura da ranar da kika rubuta. Ki nemo katin rigakafinki, don za a turo takardar lafiya da likita zai cike, jami'o'in can kuma suna tambayar allurar ƙyanda da gwajin tarin fuka. Sannan akwai magana ta cikin gida da ban so ki bari sai ƙarshe: a wannan shiri ba a tafiya da miji ko 'ya'ya. Idan kina da iyali, yanzu ne lokacin zama da maigida da iyaye a tsara wa zai riƙe yara, ba ranar da tikiti ya zo ba. Ki kuma sani bizar J-1 ta Fulbright tana da sharaɗin komowa gida a zauna shekara biyu kafin a nemi wasu nau'o'in bizar aiki ko zama a Amurka.

Amma a waje, ki riƙe bakinki. Wasiƙar taya murna ba tafiya ba ce. Bayanta akwai takardar sharuɗɗa da za ki sa wa hannu, akwai takardar DS-2019 da ake neman bizar J da ita, akwai ganawar biza. Sai fasfo ya dawo hannunki da hatimi sannan magana ta tabbata. Wanda ya sanar da dangi da wuri, shi ke shan tambayar "yaushe ne tafiyar?" a kowane biki da suna, kuma wannan tambayar ta fi jiran kansa nauyi.

Idan kuma wani ya kira ki ko ya turo saƙo cewa ki biya kuɗi a hanzarta sakamako ko a tabbatar da gurbinki, ɗan damfara ne. Fulbright ba ya karɓar ko kwabo daga mai nema, kuɗin neman bizar ma ba a ɗora wa wanda gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa. Ki duba adireshin da saƙon ya fito, na ofishin jakadanci yana ƙarewa da state.gov, na cibiyar kuma da iie.org. In kin yi shakka, ki tura shi ga jami'in da ya yi miki ganawa kafin ki danna komai.