Hukuncin shan moktel da giyar da aka cire wa maye a gonar inabi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni malamin jami'a ne a fannin noma. A watan Fabrairu za mu je taron kwana biyar a Sitelenbosh, kusa da Keptawun a Afirka ta Kudu. Ranar ƙarshe masu masaukinmu sun shirya mana liyafa a wata gonar inabi inda ake yin giya, za a riƙa kawo abinci kala-kala, kowanne da abin shan da ya dace da shi. Na ce musu ba na shan giya, suka ce ba damuwa, za a haɗa mini moktel, wato haɗin lemo da ake cewa ba giya a ciki, a kuma ba ni giyar inabin da aka cire wa maye. Tebur ɗaya za mu zauna, su suna shan nasu. Wani abokina ya ce tunda ba ta bugarwa halal ce, ai kunun zaki ma in ya kwana ba a rasa ɗan sinadarin a ciki. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi maka albarka, Malam, da ka tambaya tun kafin ka hau jirgi.

Tafiyar halal ce, haka ganin gonaki don ilimin noma. Ruwan inabin da aka matse sabo da lemon da aka gauraya da na'a-na'a ko citta, babu saɓani a kansu.

Amma sunan moktel ba hujja ba ne, sai ka san abin da aka zuba. Akwai wata ƙaramar kwalba mai murfi rawaya, takardar jikinta ta fi ta tsawo, ana ce mata Angostura. Masu haɗa abin sha kan ɗiga ta sau uku ko huɗu don ɗaci da ƙamshi, alhali kashi 44.7 cikin ɗari nata barasa ne, ta fi yawancin wuski ƙarfi. A can ƙasar akwai abin sha da suke kira rok shandi, lemo ne da soda da wannan ɗigon, kuma shi suke miƙa wa wanda ya ce ba ya sha, da zuciya ɗaya. Wani ɗalibina ya yi mako yana shan sa kafin ya lura da kwalbar a hannun mai haɗawa. Ka ce musu kada a sa bitas, wato irin wannan ɗigon, kuma in da hali a haɗa a gabanka.

Sai maganar abokinka, wadda a nan zan daɗe, domin ba shi kaɗai ke faɗinta ba, har cikin malaman zamani akwai masu wannan ra'ayi. Hujjarsu ita ce illar haramcin giya maye ne, in maye ya tafi hukunci ya tafi. Wasu ma suna kawo abin da ke cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, cewa giyar da ta daskare ko ta koma khal, wato binega, ta tsarkaka.

Ka fara duba yadda ake yin ta, kai da ka san noma. Inabi ake matsewa a bar shi ya ruɓa har ya zama cikakkiyar giya, sannan a bi ta da na'ura a janye barasar. Wato sai da aka yi khamru tukuna. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da ya la'anci mutum goma a kan giya, ya ambaci mai matsa ta da wanda aka matsa dominsa. Kwalbar da za a ajiye a gabanka, don masu saye irinka aka matsa ta. Ko da mun sallama cewa abin da ya rage mai tsarki ne, tsarkin abu daban, halaccin neman a yi maka shi daban.

Kiyasi da khal kuwa bai zauna ba. Khal ya bar sunan giya, ya bar ɗanɗanonta, ya bar aikinta, ba wanda zai cika tambulan da shi ya kurɓa don nishaɗi. Ita wannan, duk ƙwarewar mai yin ta ita ce kada ta rabu da giya a launi da ƙamshi da ɗanɗano, har sunan bai canza ba. Ga shi a Sahihu Muslim an tambayi Annabi a kan mayar da giya khal da gangan, ya ce a'a. In wancan, da ke fita daga giya gaba ɗaya, malamai suka yi saɓani a kan yin sa, ina ga wannan? Sannan yawancin kwalaben da aka rubuta an cire musu maye suna da ragowar da ke iya kaiwa kashi 0.5 cikin ɗari, kuma ragowar khamrun farko ce.

Shi kunun zaki da fura da zoɓo, asalinsu abinci ne, ba a taɓa nufin su zama giya ba. Hukuncinsu na tsimi ne, wanda ake jiƙa wa Annabi ya sha har kwana uku, a sha muddin bai kai ga bugarwa ba. Ban ce wanda ya sha kwalba mai alamar 0.0, wato wadda aka ce ba ragowar barasa a cikinta, mashayi ne ba, kuma ba na tuhumar malaman da suka sauƙaƙa. Amma ni ban ba ka fatawar ka sha ba.

Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka ma shi ne inda ka ce tebur ɗaya, ka wuce kamar ba komai. Ko ruwan famfo ne a kofinka, hadisin Tirmizi ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Irin wannan liyafa kuwa dominta aka shirya ta: a zuba, a juya kofi, a shinshina, a yi bayanin shekarar da aka girbe inabin. Imam Gazali ya ce ko abin sha na halal mutane suka zuba a kofunan mashaya, suka naɗa mai zagayawa da shi suna kwaikwayon majalisarsu, ya haramta saboda kamanceceniya. Da a ce cin abincin taro ne da aikinka ya rataya a kai, da na ce ka nemi gefe ka ci ka tashi. Wannan kuwa yawon buɗe ido ne bayan an gama taro, ba wanda zai rage maka albashi. Ka bi su zagayen gona in kana so, in an zo zama ka ba da uzuri cikin ladabi. Mutanen yankin sun saba da Musulmi ƙarni da ƙarni, ba za su ga baƙon abu ba.

Ba ka tambayi abinci ba, amma romon da suke kwarara wa nama sau da yawa da jar giya ake dafa shi, kuma dahuwa ba ta ƙone ta duka. Farantin yankakken nama da cuku da wuya a rasa alade a ciki. Ka tsaya ga kifi da ganye, ka tambayi abin da aka sa a miya. Kuma don Allah ban da hoto da dogon kofi a hannu a Facebook. Ɗalibanka ba za su ga abin da ke cikin kofin ba.

Ranar nan, Keptawun tafiyar kilomita kusan 50 ce. Ka je unguwar Bokap ka yi sallah a Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, na farko a ƙasar, ka ci biryani da boboti a gidajen abincin Musulmi, ka bi da shayin roibos. Ka riƙa duba tambarin halal na MJC ko SANHA, hukumomin Musulmin ƙasar masu tantance abinci, kuma kana da damar yin ƙasaru a hanyarka ta zuwa Afirka ta Kudu da ta komawa gida.

Wallahu a'alam.