Tashe, yayi da sara: wace ce ta dace da waƙar da ta cika gari?

Saƙonnin da na ware a wannan karon duk a kan waƙa suke. Na farko daga Garwa ya zo, daga wani tela mai shago kusa da babbar kasuwa. Ya ce gardama ce ta kaure a shagonsa a kan waƙoƙin shekarar 2022, shekarar da Kamaru ta karɓi gasar cin kofin Afirka, har filin wasa na Roumdé Adjia da ke Garwa ya cika da baƙi daga Yola da Mubi da Kano. Wani ya ce waƙoƙin lokacin "sun yi tashe", wani ya ce "an yi yayinsu", wani dattijo kuma ya kaɗa hannu ya ce duk "sara" ce. Tela yana so ya san ko abu ɗaya kalmomin nan uku suke nufi.

Malam tela, ba abu ɗaya ba ne, kuma kowane daga cikin mutanen shagonka yana da tasa gaskiyar. Ka lura da wanda ake jingina wa aikin a kowace jimla. Cewa muke "mawaƙin nan yana tashe", "ɗan damben nan yana tashe", "a lokacin da yake tashen kuɗi". Tashe na mai abin ne, shi ne tauraronsa yake sama, kuma kana jin ƙamshin kalmar tashi a cikinta. Yayi kuwa na jama'a ne. "Ana yayin waƙar" muke cewa, ba mu damu da sanin su wane ne suke yi ba, kowa da kowa ne. Kai ka fi ni sanin wannan, don a hannunka yayi yake wucewa: bara kowace mace da ta shigo shagonka hannun riga iri ɗaya take nema, bana in ka ɗinka mata shi sai ta ce ka mayar da ita tsohuwa. Kada kuma ka manta Bahaushe da wannan kalmar yake kiran cutar da ta zaga gari. Ana yayin mura, ana yayin ciwon ido, ana yayin ƙyanda. Abu ne da ake ɗauka daga maƙwabci ba tare da an nema ba, ya yi kwanakinsa ya wuce. Wanda ya ce an yi yayin waƙa, ya riga ya gaya maka cewa yanzu ba a yi.

Sarar da dattijon ya ambata ta fi su ƙanƙanta, amma ni ita na fi ba muhimmanci. Ba sarar gatari ko ta maciji ba, sara a nan ita ce 'yar gajeruwar magana da take fita daga waƙa ko wasa ko bakin wani mai barkwanci, ta faɗa bakin mutane. Sai ka ji mai babur ɗin haya ya jefa wa ɗan'uwansa ita a mahaɗar hanya, mai shayi ya amsa wa mai cin bashi da ita, yara su rubuta ta da gawayi a bango. Waƙa tana iya yin tashe wata uku cur ba ta bar sara ko ɗaya ba. Wata kuma ba ta yi wani tashen kirki ba, amma kalma biyu daga cikinta sun zauna, har a manta daga inda suka fito. Sarar da ta daɗe ta wuce tsarar da ta ƙirƙiro ta, ita ce take kan hanyar zama karin magana.

Don haka in kuna son raba gardamar wace waƙa ce ta fi zama a zuciya daga waccan shekarar, ku bar maganar wadda masu tura waƙa a waya suka fi sakawa a lasifika, wannan ma'aunin tashe ne kawai. Ka kashe rediyon shagon, ka ce kowa ya rera abin da ya tuna. Za ka ga kusan dukansu amshi kaɗai za su kawo, su maimaita shi sau biyu, sauran su cike da gunaguni. Ba laifinsu ba ne, haka aka gina waƙar Hausa tun asali. Manazarta waƙar baka suna kiran amshin nan gindin waƙa, sassan da jagora yake zubawa a tsakani kuma ɗiyan waƙa. Jagora yana iya sauya ɗiya daga wannan biki zuwa wancan, ya cire sunan wane ya sa na wane, amma 'yan amshi gindi ɗaya suke komawa. Mawaƙan situdiyo na yau sun sauya kayan kiɗa, piyano ta maye gurbin kalangu, sai dai ba su taɓa wannan tsarin ba. Af, kada a haɗa tashen da muka yi magana a kansa da tashen watan azumi, wanda yara suke fitowa yi daga goma ga wata suna bi gida gida. Rubutunsu ɗaya, sha'aninsu daban.

Wata malamar makaranta daga Marwa ta ce ta gaji da jin masu gabatar da shiri suna kiran kowace sabuwar waƙa "bakandamiya". Tana tambaya ko kalmar tana nufin waƙar da ta yi farin jini ne.

Malama, kunnenki bai yaudare ki ba. Asalin bakandamiya bulala ce ta fatar dorina, dabbar nan da mutanen Garwa suke gani a kogin Binuwai, mutanen Kusseri kuma a Logone da Shari. Fatar kauri gare ta, bulalar da aka yanka daga jikinta ba ta da na biyu wajen shiga jiki. Daga nan makaɗa suka ari sunan suka ba waƙar da ta fi duk sauran waƙoƙin mutum, wadda ya zuba iyakar gwanintarsa a ciki. Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, yana da tasa Bakandamiyar. Mamman Shata, mai kalangu, wanda ya rasu a 1999, shi ma yana da tasa. A duka biyun mawaƙin kansa yake wasawa, yana nuna wa abokan sana'a cewa ya yi musu nisa. Ke nan ba yawan masu saurare ne yake mayar da waƙa bakandamiya ba, matsayinta ne a cikin aikin mai ita gaba ɗaya. Yaron da ya fitar da waƙa huɗu, da me za a gwada ta biyar ɗin har a ce ta yi wa saura fintinkau? A bar shi ya tara tukuna. Kuma mutum ɗaya ba ya yin bakandamiya goma, in sun kai goma to babu ko ɗaya.

Wani direba da ke jigila tsakanin Ngaundere da Garwa ya ji an ce da wani mawaƙi mai tashe "ganga in ta cika zaƙi ta kusa fashewa". Yana tambaya: hassada ce ko gargaɗi?

Ɗan'uwa, maganar makaɗa ce, daga sana'arsu ta fito. Ka taɓa ganin mai ganga da sanyin safiya kafin a fara biki? Fatar ta saki, in ya buga sai ta yi wani luɓus. Sai ya kai ta kusa da wuta ko ya shanya ta a rana, yana juyawa yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa, yana ƙara jan igiyoyin. Iya ɗamewar fata iya zaƙin murya, kuma a daidai inda muryar ta fi daɗi a nan fatar ta fi kusa da yagewa. Mutanen Garwa sun ga misalinta da idonsu a gasar nan da telanmu ya ambata. Najeriya ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau a jere a garin, magoya baya suna ta kiɗa da rawa, sai ga Tunisiya ta fitar da ita da ci ɗaya mai ban haushi ranar 23 ga Janairu. Ko hassada ce ko gargaɗi, ya danganta da bakin da ta fito. In uwar mawaƙin ce ta faɗa, nasiha ce. In abokin hamayyarsa ne, habaici ne, kuma ka san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sai wani ɗalibi daga Injamena da ya ce shi bai yarda da "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi" ba, don ya sha jin yarinya ta rera waƙar wani a TikTok ta fi mai ita murya.

Ɗana, ba a kan murya aka yi karin maganar ba, kai ko a kan waƙa ma ba kasafai ake kawo ta ba. A wajen ba da labari ake faɗinta. An zauna sulhu, wani ya fara bayanin abin da ya faru da ƙaninsa alhali ƙanin yana zaune a gefe, sai mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce a dakata, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wato wanda abin ya shafa ya faɗa da kansa. Yarinyar da ka ji tana iya fin mawaƙin zaƙin murya, wannan ba abin musu ba ne. Amma je ka tambaye ta wa aka yi wa zambo a ɗan waƙa na uku, da abin da ya haɗa su.