Amsa: Neja da Nijar sun cakuɗe a teburin ƙididdiga

Malam, ka ce alƙaluman Jihar Neja da na Jamhuriyar Nijar sun cakuɗe maka a teburi ɗaya, tunda a Turance rubutunsu iri ɗaya ne. Ka daina haɗa bayanai da sunan wuri, ka buɗe wa kowane wuri gurbin lambarsa. A tsarin ISO 3166, wato tsarin duniya na lambobin ƙasashe da jihohinsu, Nijar NE ce, Najeriya NG, jihohi kuma ana ɗora tasu a kan ta ƙasa: Neja NG-NI, Kano NG-KN, Jigawa NG-JI. In kuwa da alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya kake aiki, tsarinsu na M49 lambobi uku ne: Nijar 562, Najeriya 566, Afirka ta Yamma baki ɗaya 011.

Sai dai ka riƙa duba shekarar bayanan, domin iyaka tana sauyawa. Na taɓa jera yawan jama'ar Kano na shekaru daban-daban a ƙarƙashin NG-KN, na manta cewa kafin 1991 Jigawa tana cikin Kano. Lissafin ya fito a karkace, sai da na warware aikin kwana biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyaye wannan sosai: da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 aka ba ta 728, Sudan kuma aka sauya mata daga 736 zuwa 729. Lambobin jihohinmu ba sa nuna maka irin wannan rabuwa, don haka ka ƙara gurbin shekara kusa da lambar.