Ga ƙanwarmu da Jamusanci ya tsaya mata a B1

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kina aji uku a jami'a, kina cin jarrabawar Jamusanci da maki mai kyau, amma da an kunna miki labarai ko wani Bajamushe ya buɗe baki sai ki ji kamar ba ki taɓa shiga aji ba, ga shi kuma kina son kaiwa B2 (matakan iya harshe suna hawa ne daga A1, A2, B1, B2 har zuwa C2) domin neman tallafin karatu na DAAD, hukumar Jamus mai tallafa wa ɗaliban ƙasashen waje. Na bi ta wannan hanyar, daga baya kuma na koyar da 'yan wannan matakin, don haka ga abin da na gani.

Kada ki ɗauka ƙwaƙwalwarki ce ta gaza. A matakin A1 da A2 kowane mako mutum yana ganin ci gaba, yau ya iya gaisuwa, gobe ya iya cefane. Da an shiga B1 sai ci gaban ya ɓuya, domin yawancin nahawun an riga an nuna miki shi, abin da ya rage shi ne ya sauko daga littafi zuwa harshenki. Ajin jami'a kuwa ba a gina shi don wannan ba. Malami ɗaya, ɗalibai da yawa, awa biyu ko uku a mako, jarrabawa kuma ta cike gurbi ce a takarda. Sai ki fito da A alhali duk zangon ba ki yi maganar minti biyar a jere ba.

Babban abin da zan nace miki a kai shi ne ki daina haddace kalma ita kaɗai. Kowane suna ki ɗauke shi da der, die ko das ɗinsa, wato kalmar da ke nuna jinsinsa, da jam'insa, a lokaci guda. Mu Hausawa ma muna da ɗan sauƙi a nan, tunda mun saba da cewa riga "ita" ce, wando kuma "shi" ne, ba kamar mai Turanci zalla ba. Sai dai su jinsi uku gare su, kuma ba ya bin namu. Akwai alamomin da ke rage wahala: galibin sunayen da suka ƙare da -ung, -heit, -keit ko -schaft na die ne, masu -chen ko -lein na ƙanƙantawa kuma na das. Akwai wasu alamomin irin waɗannan, amma sunaye da yawa sai hadda.

Aikatau ma haka. Kada ki rubuta warten (jira) kawai, rubuta ich warte auf den Bus (ina jiran bas). Kada ki rubuta Entscheidung (shawara) kawai, rubuta eine Entscheidung treffen (yanke shawara). Nan ne ainihin bambancin ɗan B1 da ɗan B2 yake: ɗaya yana harhaɗa jimla kalma-kalma yana lissafi a ransa ko Dativ ne ko Akkusativ, wato sigogin nahawun da ke sauya der, die, das da ƙarshen sifa, ɗayan kuwa gungun kalmomin ke fito masa a haɗe, kamar yadda mai ɗinki da ya ƙware ba ya duban ƙafarsa a kan keke. Jadawalin ƙarshen sifa da ake lika wa a bango bai taɓa sa kowa ya yi magana ba. Amma wadda ta maimaita mit einem guten Freund sau da yawa a cikin jimloli na gaske, kunnenta ne zai ƙi mata kuskuren tun kafin ta tuna doka.

Batun ji kuwa, matsalarki rabi ta tsarin jimla ce. Bayan mahaɗai irin su weil, dass, obwohl da wenn, aikatau yana komawa can ƙarshe, wasu aikatau kuma rabewa suke yi biyu, irin su anrufen, rabi a farko rabi a wutsiya. Kunnen da ya saba da Hausa yana jiran aikin tun da wuri, idan bai ji shi ba sai ya rikice ya saki sauran. Dole ki koya wa kunnenki haƙurin jira. Tashar DW, wadda muka taso muna jin sashenta na Hausa, tana da Langsam gesprochene Nachrichten, labarai da ake karantawa a hankali tare da rubutunsu, da kuma Top-Thema, gajerun rahotanni don masu koyo, duk kyauta. Ki saurara sau ɗaya ba tare da duba rubutu ba, ki sake kina bi da ido, sannan ki karanta da ƙarfi kina kwaikwayon mai karatun. Dabarar da na fi so ita ce ki fara jin labaran ranar da Hausa, sannan ki ji su da Jamusanci, tunda kin riga kin san zancen. Minti ashirin kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar.

Furuci: ki kula da p da f, don mu kan gauraya su, kuma kalma irin Pfeffer ba ta yafiya. Haka ü da ö, da baƙaƙen da ke cunkushewa kamar a Herbst, inda harshenmu ke son cusa wasali a tsakani. Amma dogon wasali da gajere, wanda ke raba Staat da Stadt, wannan gadonmu ne, ba zai ba ki wuya ba.

Sai rubutu. Jimla takwas ko goma a rana, a kan ra'ayinki game da wani abu, ba tarihin abin da kika ci ba. B2 gardama ake so, ki kawo hujja, ki kawo ta ɗaya ɓangaren, ki yi amfani da einerseits da andererseits, da trotzdem, da würde da könnte. Sai dai rubutun da ba wanda ya gyara ba ya ƙara komai, kuskuren ne kawai ke ƙara kafuwa. Ki lallaɓi malaminku ko wani na gaba da ku ya riƙa dubawa ko da sau ɗaya a mako. Wani abin da mutane ba su sani ba, ana koyar da Hausa a jami'o'in Jamus irin su Hamburg da Leipzig, kuma ɗalibansu na neman wanda za su yi hira da shi. Rabin awa Hausa, rabin awa Jamusanci, ba kuɗin kowa a ciki. Su tandem suke kiransa.

Game da takarda, kada ki dogara da sakamakon jami'arku kaɗai, don yawancin wurare shaidar da suka sani suke nema. Jarrabawar B2 ta Goethe-Institut, cibiyar koyar da harshe da al'adun Jamus, kashi huɗu ce, karatu, saurare, rubutu da magana, kowanne sai kin sami maki 60 cikin 100, kuma idan kin faɗi ɗaya shi kaɗai za ki sake. Cibiyarsu ta Najeriya tana Legas, 'yan uwanmu na Ghana suna da ta Accra, na Kamaru ta Yaoundé. Ki kuma duba sharuɗɗan kwas ɗin da kike so tun yanzu. Digiri na biyu da yawa da Turanci ake yi, ba sa ma neman B2 na Jamusanci. Wanda ake koyarwa da Jamusanci kuwa galibi B2 ba ya isa, jarrabawar harshe ta shiga jami'a suke nema, wato DSH a mataki na 2 (DSH-2), ko TestDaF da mataki na 4 a dukkan sassa huɗu. Samfuran tambayoyin jarrabawar B2 suna shafin Goethe kyauta, ki zauna da agogo ki yi guda ɗaya a wannan makon, ki turo mana makin kowane kashi, sai mu ga inda za ki fara.