Sanyina na farko a Bafalo: me zan tanada kafin dusar ƙanƙara ta sauko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne daga Kano, na zo karatu Bafalo a jihar Niyok ta Amurka cikin watan Agusta. Duk sanda na yi maganar dusar ƙanƙara sai abokan karatuna 'yan gari su yi mini dariya, wasunsu ma har yanzu da gajeren wando suke yawo. Tsoron nawa ne ya yi yawa? Kuma me ya kamata in tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, sai dai a mayar da shi shiri. Wanda ka gani da gajeren wando daga ɗaki mai ɗumi ya fito, mota mai ɗumi zai shiga, kuma a gidansu akwai shebur, gishirin narkar da ƙanƙara da abincin kwanaki. Mutanen Bafalo suna alfahari da juriyar sanyi, abin ya zama kamar kirarin gari. Idan ka ari halin ko-in-kula ɗinsu ba ka ari tanadinsu ba, ka yi kwaikwayon da zai cuce ka. Su kansu wannan hali ya ci su: guguwar da ta fara ranar 23 ga Disamba 2022 ta zubar da dusar da ta haura mita ɗaya, ta kashe mutane fiye da 40 a yankin. An tsinci wasu a cikin motoci, wasu a kan titi, wasu kuma zuciya ce ta buga suna kwashe dusa.

Garin yana bakin Tafkin Erie ne. Iska mai tsananin sanyi kan ratsa saman ruwan da bai daskare ba, ta ɗebi danshi, ta juye shi a kan tudu. Shi ya sa unguwa ɗaya za ta nutse alhali wata mai nisan kilomita kaɗan rana take gani. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana kiran abu guguwar dusa idan iska ta kai kilomita 56 a awa, ido bai iya hango abin da ya wuce mita 400, kuma hakan ya ɗauki awa 3 ko fiye. A irin wannan hali mutum kan ɓace tsakanin motarsa da ƙofar gidansa. Don haka idan aka sanar da hana tuƙi, ka zauna. Ko don jam'i ne, hadisin Ibn Umar ya tabbatar da rangwamen yin salla a gida a dare mai tsananin sanyi.

Tanadin gida na kwana 3 ne aƙalla: ruwa kusan lita 4 ga kowane mutum a kullum, abincin da ba sai an dafa ba irin su dabino, gyaɗa, burodi, kifin gwangwani da garin kwaki, sai tocila da batir, abin cajin waya cike, barguna biyu, da magungunanka. Ka saya tun kafin a yi sanarwar zuwan guguwa, domin ranar da aka yi ta kantuna kan zama wayam.

Inda na fi jiye wa mutanenmu tsoro shi ne wuta. A hunturun gida mun saba shigar da kaskon garwashi ɗaki, kuma ko a can yana kisa, to ina ga ɗakin da aka toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita? Gawayi, murhun gas da janareta duk suna fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci, daga nan ba a farkawa. Idan wutar lantarki ta ɗauke, kada ka kunna murhu ko tandar girki don ɗumama ɗaki. Janareta a waje ake ajiye shi, tazarar mita 6 daga ƙofa da taga. Dokar jihar tun 2010 ta wajabta na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iska, sai ka duba ko akwai a ɗakinka, ka danna maɓallinta ka ji ta yi kuka. Ka kuma nemi mai gidan ya nuna maka bakin bututun da hayaƙin na'urar ɗumama gida ke fita, domin idan dusa ta rufe shi cikin gida hayaƙin zai dawo.

Bututun ruwa kuwa fashewa yake yi saboda ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Kada ɗumin gida ya yi ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Salshiyas ko da ka yi tafiya, kuma a daren da sanyi ya tsananta ka bar famfo yana ɗiga.

Sutura hawa uku ce: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai tare iska da ruwa. Kada auduga ta zama ita ce a jikin fata, don idan ta jiƙe da gumi ɗumi take sacewa. Hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai ɗan sarari. Matsattsen takalmi yana tsayar da jini, yatsu su fara daskarewa. Bayan alwala ka goge jiki sosai kafin ka fita. Idan sanyin da iska ke haifarwa ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin rabin awa. Alamarta fata ta dushe ta yi tauri, ka daina jin ta. Kada ka murza, kada ka kara a wuta, domin za ta ƙone ba ka sani ba. A tsoma a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, sannan a je asibiti. Wanda sanyi ya kama har ya daina karkarwa, magana ta fara harɗe masa, a kira 911, lambar agajin gaggawa, nan take.

Idan kana da mota, kada mai ya gaza rabin tanki, kuma ka ajiye bargo, ƙaramin shebur, ruwa da ɗan abin ci a ciki. In ta maƙale, cikinta za ka zauna. Ka tayar da inji minti 10 a kowace awa, ka ɗan sassauta gilashi, kuma kafin kowane tayarwa ka fita ka kwashe dusar da ke bakin salansa.